Darasi daga Damagaram: yadda ake tada tsohuwar Sega ba tare da an ƙona ta ba

Maigida: Assalamu alaikum, jama'ar Damagaram da sauran masu kallonmu. Kai, matso da wayar kusa da tebur, ba fuskata suka zo gani ba. Yawwa. Abin da ke gabanmu yau na'urar wasan bidiyo ce, Sega Mega Drive, ta farko, mai faɗin nan da aka rubuta 16-BIT a samanta. Ta fito a Japan a 1988, Amurka ta same ta a 1989 da sunan Genesis, Turai kuma sai 1990. Mai ita ya ce ta mutu. Yawancin waɗanda ake kawowa da wannan magana ba mutuwa suka yi ba, ko ƙura ta toshe su, ko an ba su wutar da ba tasu ba.

Yaron shago: Maigida, in sa mata caja mu gani ko fitilar za ta kama?

Maigida: Wace caja? Ɗaga ta su gani. To ga irin abin da ke kashe su. Wannan cajar akwatin intanet ce, bolt 12, kuma bakinta yana shiga ramin Sega daram kamar don ita aka yi shi. Juya bayanta. Kun ga ɗan zanen nan, ɗigo a tsakiya da rabin da'ira a kewaye? Alamar + tana haɗe da ɗigon, wato fozitif ne a tsakiyar bakin. Kusan duk cajojin da ke yawo a kasuwar Dole haka suke. Ita kuwa Mega Drive ta farko akasin haka take so, negatif a tsakiya, fozitif a waje. Bolt 9 ko 10, DC, amfiya 1.2. Bakin kuma milimita 5.5 a waje, 2.1 a ciki.

Zan sake faɗa, don nan ne ake asara. Negatif a tsakiya. Kada ka yarda da rubutun bayan caja ma, musamman irin masu arahar nan. Ɗauki multimita, na'urar auna wuta, sa ta a DC 20, baƙar waya cikin ramin bakin, jar waya a jikin ƙarfen waje. In ka ga lamba ba alamar ragi a gabanta, daidai ne. In ka ga ragi, a juye take. Ba sai ka jefar da ita ba: yanke igiyar a tsakiya, musanya wayoyin biyu, ɗaure da dalma, naɗe kowace daban, sannan ka sake aunawa. Kuma ka manna mata takarda ka rubuta Sega, kada gobe wani ya ɗauka ya sa wa akwatin intanet ɗinsa.

Yaron shago: To Mega Drive ta biyu fa, ƙaramar nan mai kusurwa huɗu?

Maigida: Ita fozitif ne a tsakiya, kuma bakinta ya fi siriri, mai ruwan ɗorawa a kai. Sun bambanta bakin ne don kada a haɗa su. Sai abu biyu da za ku kiyaye. Cajar Nintendo NES ta asali, wata na'urar wasan ce daban, AC take fitarwa, ba DC ba, kuma tana shiga ramin Mega Drive ta farkon nan. Kada ta kusanci Sega. Na biyu, in na'urar ta zo da cajarta ta asali, karanta abin da take sha daga bango. Ta Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, mu kuwa 220 muke da shi. Kana sa ta a soket sai hayaƙi da wari.

Masu fanon sola kuma, na san abin da kuke yi, kuna ja kai tsaye daga batir. Batirin da ake kira na bolt 12, in rana ta take yana caji, yana haura 14. A cikin Sega akwai regilata 7805, guda biyu ne a wannan samfurin, aikinsu su sauko da wutar zuwa bolt 5, abin da ya rage kuma zafi yake zama. In ka ba ta 9, bolt 4 take ƙonawa. In ka ba ta 14, tara take ƙonawa, fiye da ninki biyu ke nan, a ɗaki mai rufin kwano cikin watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40. Sayi ɗan allon nan mai rage wuta, LM2596, juya ɗan sukurun da ke kansa har multimita ta nuna 9, sannan ka haɗa. Kada ka sauka ƙasa da 7 da ɗoriya, 7805 ba ta aiki sosai in babu rarar kamar bolt 2 a kan biyar ɗin.

To mu buɗe. Sukurori shida ne a ƙasa, wannan kowa ya iya. Amma kada ka fizge murfin. Ɗaga a hankali, ka ga siririyar wayar nan? Ta jar fitila ce, a jikin murfi take. Zare ta tukuna. Cire garkuwar ƙarfen. Subhanallahi, dubi ƙasa, hunturun shekara nawa ke nan a ciki? Burushin fenti busasshe, mai laushi, shi ke nan. Kada ka kai ta wurin masu faci su busa mata iskar taya, iskar tana zuwa da ruwa da mai.

Yanzu sa wutar daidai, kunna. Fitila ba... au, ai mun cire wayarta. To bar fitila, mu auna. In kana fuskantar rubutun 7805, ƙafar hagu shiga ce, ta tsakiya ƙasa, ta dama fita. Baƙar waya a tsakiya, ja a dama. Biyar da ɗigo sifili biyu. Ɗayar kuma? Huɗu da ɗigo tara da takwas. Lafiyarsu lau. Duk abin da ke tsakanin 4.8 da 5.2 ka bar shi. Riƙe hannunka kada bakin wayar ya zame ya haɗa ƙafa biyu. Yanzu girgiza bakin cajar a raminsa. Kun gani? Lambar tana ɓacewa tana dawowa. Ga ciwon nan. Dalmar da ke riƙe da ramin caja ta tsage a ƙasan allo, saboda shekara da shekaru ana sokawa ana zarewa. Kashe, zare wuta, juya allon. Ɗora bakin ƙarfen dalma a kan kowace ƙafa daƙiƙa biyu zuwa uku, ƙara sabuwar dalma kaɗan har ta kwanta tana sheƙi. In ta dunƙule kamar ƙwallo ba ta kama ba, sake.

Yaron shago: Kaset ɗin wasan ga shi, in hura masa iska?

Maigida: Ajiye bakinka. Wannan al'adar ta hura kaset duk duniya an yi ta, kuma ba ita ke sa ya tashi ba, cirewa da mayarwar ne ke goge dattin. Numfashi da danshi yake zuwa, danshin ne ke sa haƙoran su yi tsatsa kore. Alkol za ka nema. A farmasi ka ce na 90, kada ka karɓi na 70, ruwa ya yi masa yawa. In ka samu isofurofil, ya fi. Jiƙa auduga mai tsinke, ba sharkaf ba, goga haƙoran gaba da baya. Haƙora 64 ne, 32 kowane gefe. Dubi yadda audugar ta yi baƙi. Canza wata, ci gaba har sai ta fito fara. In akwai tabon da ya ƙi, sai an buɗe kaset ɗin, kuma sukurorinsa ba irin na kowa ba ne, turnabis ɗin da ake kira gamebit mai milimita 4.5 ke kwance su.  In ka buɗe, farar roba ta goge fensir ta isa. Takardar yashi kuwa haram, ruwan zinaren da ke kan haƙoran siriri ne ƙwarai, kana kankare shi kaset ya tashi yau, bayan damina ɗaya ya mutu gaba ɗaya.

Ramin kaset na jikin na'ura shi ya fi ba mutane wahala. Samu tsohon kati na roba, naɗe shi da ƙyallen auduga marar zare-zare, falle ɗaya, ɗiga alkol. Soka shi a miƙe, zare a miƙe. Sama da ƙasa kawai. Kada ka ja shi hagu da dama, zaren zai kama haƙori ɗaya ya lanƙwasa shi, kuma miƙe haƙorin da ya lanƙwashe a cikin ramin nan aikin yini ne. Sau goma haka, ka bar shi minti biyar ya bushe.

Sai maganar hoto. Wannan tana da ramin eriya a baya da kuma rami mai zagaye na DIN, mai ƙafa 8. Manta da eriya, hotonta duk yashi ne. Igiyar AV za ka sa, rawaya hoto, fara sauti. Amma ku lura, kayanmu da yawa daga Faransa suke zuwa, kuma Mega Drive ɗin da aka yi wa Faransa ba ta da ramin eriya sam, an yi ta ne don ta fitar da RGB, wato hoton da ake raba launin ja, kore da shuɗi kowane a wayarsa, ta igiyar Péritel, mai faffaɗan kan nan mai ƙafa 21. In taka irin wannan ce, kada ka wahalar da kanka da igiyar rawaya kana cewa ta lalace. Nemi igiyarta da tele mai ramin Péritel. Kuma ka yi murna, don hoton RGB ya fi na rawayar waya nesa ba kusa ba.

In hoto ya fito baƙi da fari, yawanci na'urar mai tsarin launi na NTSC ce, ta Japan ko Amurka, telen kuma tana kan PAL, tsarin Turai. Shiga saitin tele ka mai da tsarin launi otomatik.

Yaron shago: Maigida, ga babbar plasma can, me ya sa muka jawo wannan tsohuwar tele mai ƙusumbi?

Maigida: Don ita ce daidai da Sega. Sega layi 224 take zanawa a yawancin wasanni, kuma an zana hotunan ne ana kallon irin wannan gilashin, shi ke haɗa ɗigogin su yi laushi. Telen zamani sai ta karɓi hoton, ta yi lissafi, ta buɗa shi ya cika allo, sannan ta nuna. Wannan lissafin lokaci yake ci. Ka danna tsalle, sai bayan ƙiftawa ɗan wasan ya tashi. A kallon labarai ba ka ji, amma a Sonic ko Street Fighter II hannunka zai gaya maka. In dole sai ta zamani, nemi yanayin wasa a cikin saiti, ka kashe duk wani gyaran hoto, ka mai da faɗin 4:3 kada mutane su zama gajeru masu ƙiba. Ƙananan akwatunan nan masu mai da AV zuwa HDMI, masu araha, jinkiri suke ƙarawa, ban ba kowa shawararsu ba. Ga tsofaffin tele nan jibge a wurin masu gyara, ba mai tayawa. Sai dai kada ka buɗe bayanta, tana riƙe wuta mai kisa ko an zare ta daga bango.

Yaron shago: Wasu za su ce ai duk wannan wahala ce, ga sandar HDMI mai wasa dubu goma.

Maigida: Su ƙirga su gani. Wasa ɗaya ake maimaitawa da suna daban-daban. Kuma ka saurari kiɗan. A cikin wannan allon akwai Yamaha YM2612 mai fitar da kiɗa, ga shi nan, ga kuma Motorola 68000, ƙwaƙwalwar na'urar, doguwar nan, da Z80 mai kula da sauti. Sandunan nan kwaikwayon YM2612 suke yi, kuma nan suka fi faɗuwa, ganga ta koma kamar ana buga gwangwani. Ni ba na faɗa da kwaikwayo in an yi shi da kyau. Tsohuwar kwamfutar ofis da ta gaji da Windows, sa mata manhajojin kwaikwayo RetroArch da Genesis Plus GX, haɗa maneti, wato abin sarrafa wasa, ta USB, za ta yi maka aiki tsaf. A wayar hannu ma yana gudu, amma danna gilashi ba wasa ba ne, yatsa ba ya jin inda maɓalli yake.

Abu ɗaya da na yarda kwaikwayo ya fi wannan da ke gabanmu: ita ta Turai ce, hertz 50, wato sau 50 take sabunta hoto a daƙiƙa, wasannin kuwa yawancinsu a kan 60 aka tsara su. Don haka tana tafiya a hankali da kusan kashi 17 cikin ɗari, kiɗa ma ya ja jiki, ga baƙin layi sama da ƙasa. Ana sa mata makunni a kan mahaɗan JP da ke kan allo ta koma 60, amma in ka yi haka launi yana ɓacewa a igiyar rawaya, sai da RGB. Wannan darasin wata rana ne.

Mayar da garkuwa, sa wayar fitila, kada ka ɗaure sukurori tukuna sai mun gwada. Kaset ciki. Kunna. Alhamdulillahi, ga tambarin SEGA. Sautin fa kunne ɗaya ne, don ramin baya mono yake bayarwa. Ɗauko igiyar nan mai bakin milimita 3.5, sa ta a ramin abin kunne da ke gaba, ja da fara su tafi tele, ɗaga maɓallin ƙara zuwa wajen bakwai. Ka ji bambanci? Saboda wannan ramin nake fifita ta farko a kan ta biyu.

Yaron shago: Maigida, maɓallin B na manetin ba ya amsawa.

Maigida: Ba ni. Sai an danna da ƙarfi, to datti ne, ba igiya ba. Da igiya ce ta karye, a gindinta take karyewa, kuma sai ka ga yana yi yana bari in ka motsa ta. Kwance bayan manetin, ciro robar, goge baƙin ɗigon da ke ƙasanta da alkol sau ɗaya kawai, a hankali, don garin gawayi ne a jiki, in ka dirje shi ya tafi. Allon kuma ka goge shi sosai. Miƙo audugar, sabuwa, ba wadda muka yi kaset da ita ba.