Gwajin ido a waya kana zaune gida: har ina ya tsaya?

Sada: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Katsina ta Dikko ɗakin kara. Ni ne Sada, ga Lawal nan yana ta danne-dannen waya kamar kullum, ga kuma Anti Hadiza. Anti yau fa ranarki ce, tunda maganar ido za mu yi kuma aikinki kenan a asibiti.

Hadiza: To Allah ya sa mu dace. Amma Lawal ya aje wayar nan tukuna, don da tawa za mu gwada shi yanzu-yanzu.

Lawal: Ni kuma? Anti ai ni idona garas yake, ko daga Ƙofar Ƙaura ina hango hasumiyar Gobarau.

Sada: Kai dai ka cika baki. Wani mai sauraronmu daga Daura ne ya turo tambaya, ya ce ya ji wai yanzu ana gwada ido a waya ba sai an je asibiti ba, har likita ya duba ka ta bidiyo, shin gaskiya ne ko irin zancen soshiyal midiya ne?

Hadiza: Gaskiya ne, amma rabi. Kun san allon nan na asibiti mai haruffa, manya a sama suna ƙanƙancewa har ƙasa? Wani likitan ƙasar Holan ne, Herman Snellen, ya fito da shi a 1862, ana tsayar da mutum mita 6 daga allon. Shi ne aka ɗauko aka sa cikin waya. Akwai manhajar Peek Acuity, wadda wani likitan ido daga Ingila, Andrew Bastawrous, da abokan aikinsa suka gwada a Nakuru ta ƙasar Kenya, aka ga sakamakonta bai yi nisa da na allon asibiti ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da tata a 2023, WHOeyes, kyauta ce.

Lawal: To wanda bai yi boko ba fa, irin kakata da ba ta san A ba balle B?

Hadiza: Ba karatu ake yi ba. Harafin E ne kawai yake juyawa, mutum ya nuna da hannu inda ƙafafunsa uku suka dosa, sama ko ƙasa, dama ko hagu. Tashi ka tsaya can jikin bango. Sada miƙo mani tef ɗin telan nan, mita 2 ake so daidai, ba a kintace, in ka matso ko da taki ɗaya ne ka cuci kanka.

Sada: Masu sauraro ga shi nan ya tsaya kamar za a ɗauke shi fasfo.

Hadiza: Rufe idon hagu da tafin hannu. A'a ba da yatsu ba, za ka leƙa ta tsakani, kuma kar ka danna idon, in ka danna shi sai ya yi dishi-dishi in an zo kansa. Ni ba na ma kallon fuskar wayar, kai take kallo, inda ka nuna nan nike shafawa da yatsa.

Lawal: Dama. Ƙasa. Sama. Hagu.

Hadiza: Madalla, wannan 6/6 ne, wato lafiyayyen gani. Sauya ido.

Lawal: Sama... dama... tsaya Anti, wannan fa ya haɗe. Wayarki ce ba ta da haske.

Sada: Mai hango Gobarau kenan!

Hadiza: Hasken da ka gani da na dama ne bai canza ba. Na hagu ya ba da 6/12, wato abin da lafiyayyen ido zai gane daga mita 12 kai sai ka matso mita 6. Kuma ba ka taɓa sani ba saboda na dama yana rufa wa ɗan uwansa asiri, mutane da yawa haka suke yawo shekara da shekaru. Karɓi katin nan, na huda shi da allura, leƙa ta hudar.

Lawal: Kai! Wallahi ya fito tas.

Hadiza: To galibi in gani ya gyaru ta ƙaramar huda, matsalar tabarau ce. In bai gyaru ba shi ne muke fara tunanin yanar ido ko wani abu can bayan ido.

Sada: Kenan sai ya wuce babbar kasuwa wajen masu baza tabarau a tire ya zaɓi nashi.

Hadiza: A'a. Na tire ɗin nan masu lamba +1.50, +2.00, na karatu ne, na wanda ya haura shekara 40 ya fara nisanta Alƙur'ani ko waya daga fuskarsa kafin ya gani, ko inna ta kasa zura zare a allura. Wannan ba laifi, yana taimako. Amma na Lawal na nesa ne kuma ido ɗaya, sai an auna an yanka mashi nashi. Waya ta gaya maka nawa kake gani, ba ta gaya maka dalili ba.

Lawal: Ni abin da ya burge ni kuɗin mota ne. Mutum ya taso daga Baure ko Zango ko Mai'aduwa, ya biyo ta Daura, daga Daura zuwa nan ma wajen kilomita 80 ne, ya zo ya kama layi tun asuba da tsoho a hannu, ƙarshe a ce mashi tabarau ne kawai ko a ce ya dawo wani satin, ga na yankin Jibiya da Batsari da su hanyar ma kanta abin tunani ce.

Hadiza: Nan ne amfanin yake sosai. Ka gwada tsoho a gida, ka tura wa ma'aikacin ido lambar da hoton idon ta WhatsApp, a ɗauka da rana a inuwa ba cikin ɗaki mai duhu ba, shi zai ce maka wannan ku taho gobe, wannan zai iya jira. A Indiya asibitin Aravind haka suke yi, ƙananan cibiyoyi a karkara, ma'aikaciya ta auna, likita yana birni yana magana da mara lafiya ta bidiyo. A Ingila masu ciwon suga hoton bayan idonsu ake ɗauka a kai a kai, wani daban ya duba hoton. Amma ku lura duka biyun akwai na'ura da wanda ya iya ta a wajen mara lafiya, ba selfi ba ce.

Sada: To mene ne wayar ba za ta kama ba?

Hadiza: Hawan jinin ido, gilakoma. Shi ne yake hana ni barci a wannan maganar. Kamar gara yake a azara, yana cin ganin gefe a hankali ba zafi ba ja, tsakiya tana nan lafiya, sai mutum ya ci 6/6 a waya ya yi hamdala alhali jijiyar tana mutuwa, kuma abin da ya tafi baya dawowa. Binciken makanta da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce kan gaba, gilakoma na bi mata. Ita yana ana aiki a cire mutum ya gani. Shi kuwa sai an auna ƙarfin ruwan ido an leƙa jijiya, kuma yana bin dangi, in mahaifi ko yaya na da shi kar ka tsaya wasa da manhaja.

Lawal: Kakana da ya makance cewa aka yi tsufa ne.

Hadiza: To kai ma ka shiga layi, in ka zo yankan tabarau a auna maka gaba ɗaya. Sannan don Allah jama'a, kar a gwada a waya a ga lamba ba kyau a wuce kemis a ce a ba ni maganin ɗigawa. Wasu ɗigon akwai wani sinadari da ake kira sitiroyid a ciki, jan ido zai washe ka ji daɗi, amma in aka daɗe ana ɗigawa shi kansa yana tada hawan jinin idon. Haka masu yawo ƙauye suna tura yana da tsinke, idanu da yawa sun lalace a hannunsu.

Sada: Akwai wanda ko hoton ma kar ya tsaya turawa?

Hadiza: Akwai. Gani ya ɗauke farat ɗaya, ko ciwon ido mai tsanani da ciwon kai da amai, ko wani abu ya soki ido, ko ka ga fari a tsakiyar baƙin idon yaro. In ruwan batir ko siminti ne ya faɗa, a yi ta zuba ruwa mai tsabta tukuna sannan a kama hanya. Muna da sashen ido a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina, in abin ya fi ƙarfi akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Lawal: Anti tura mani sunan manhajar, yau duk gidanmu sai sun tsaya jikin bango.

Hadiza: Wanda ke da tabarau na nesa ya sa abinsa lokacin gwajin, kuma ka nemi tef, kar ka auna da ƙafa.

Sada: Mai tambaya daga Daura, ka gwada baba ka turo mana lambobin ido biyun, Anti za ta duba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.