Jif ko a-kori-kura: motar da zan tura gida Kaduna

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka, na gida da na ƙetare. Yau Asabar ba ni da aiki, shi ya sa kuka gan ni da sanyin safiya a wannan filin sayar da motoci da ke bayan garin Dalas, a jihar Teksas. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, fili ne fetal. Bari in juya kyamara ku gani. Layin gaban nan duk a-kori-kura ne, manya-manya, yawancinsu Ford. A ƙasar nan a-kori-kura ba motar ɗan dako ba ce kawai, likita na hawa, malamin makaranta na hawa, kuma sama da shekara 40 ke nan jerin Ford F ne kan gaba wajen ciniki a cikin irinsu.

Shekara uku ina tara kuɗi don in tura mota gida Tudun Wada. Mota ɗaya kuɗin za su saya, ba biyu ba, kuma tun ranar da na faɗa a zauren WhatsApp na gidanmu aka rabu gida biyu. Yayana, wanda ke riƙe da gonar marigayi Baba a can gaban Pambeguwa, hanyar Saminaka, ya ce a-kori-kura. Ƙannena mata suka ce jif. Hajiya kuwa, da na kira ta, cewa ta yi: "Duk wadda ka ga ta fi, Allah ya yi maka albarka." Ba ta ƙara komai ba.

Ni dai tun farko zuciyata tana wajen a-kori-kura, kuma akwai dalili. Baba ya yi aiki a kamfanin Fijo na Kakuri, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, kuma da kuɗin sallamarsa ya sayi Fijo 504 mai buɗaɗɗen baya. A bayan motar nan muka tashi. Ita ke kai taki gona, ita ke kawo masara, ita ke ɗauko ragon layya, ita ta kwashi jeren yayyenmu mata zuwa gidajen mazajensu. Duk unguwa idan za a yi tashi sai an zo an gaida Baba. Saboda haka da Yaya ya ce a-kori-kura, ban ji shi a matsayin mai son kansa ba, na ji muryar gidanmu ce.

To amma ga abin da mutane da yawa a gida ba su sani ba. Yaya Hilux yake nufi, ita kuwa Hilux ba a sayar da ita a Amurka. Tun 1995 Toyota ta maye gurbinta a nan da wannan da nake dafe da ita, Tacoma. Akwai ma wani tsohon labari a gindin maganar: a farkon shekarun 1960 ƙasashen Turai, musamman Faransa da Jamus ta Yamma, sun ɗora haraji a kan kajin Amurka, sai Shugaba Lyndon Johnson ya rama da harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin ɗaukar kaya da ake shigowa da su, daga 1964. Har yau harajin yana nan, ana ce masa harajin kaza. Shi ya sa kusan duk a-kori-kurar da ke filin nan a Arewacin Amurka aka haɗa ta.

Ku matso in nuna muku wani abu. Idan ka buɗe ƙofar direba, akwai 'yar takarda manne a jikin ginshiƙi, tana faɗa maka nauyin da motar za ta iya ɗauka. Wannan Tacoma mai ƙofa huɗu, abin da aka rubuta bai kai kilo 600 ba, kuma lissafin har da mutanen da ke zaune a ciki. Buhun masara kilo 100 ne. Cire direba da yaron mota, me ya rage? Buhu huɗu, in an matsa biyar. Hilux ta fi ta ƙarfin baya, tana kusantar tan guda, wato buhu goma ba tare da mutane ba. Na san a gida za a lafta mata ashirin a ce ai ƙarfe ne, amma wanda ya taɓa ganin sifirin ya karye a tsakanin Pambeguwa da Saminaka da yamma ta yi, ya san ba abin wasa ba ne. Birki ma ba ya kamawa yadda ya kamata idan kaya ya wuce ƙima.

Sai na tambayi Yaya a waya, na ce: "Yaya, bara buhu nawa aka samu?" Ya faɗa mini, sun haura ɗari. Na ce: "Da me aka kwashe?" Ya ce ya ɗauki shatar Kanta, sahu uku ta gama. Na ce: "To ko na turo a-kori-kura, ba za ka daina ɗaukar shatar nan ba ke nan?" Ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya ne, amma ai ba kaka kaɗai ake noma ba.

Kuma nan ya fi ni gaskiya, dole in faɗa. Tun daga watan Mayu ake jigila. Buhunan taki, iri, jarkokin maganin feshi, injin ban ruwa, galan ɗin mai, garma, wani lokaci akuya. Maganin feshi idan ya zube a cikin jif, warin nan ba ya fita, kuma guba ne, a nan yara za su zauna gobe. Takin zamani yana cin ƙarfe. A a-kori-kura kuwa sai ka watsa ruwa ka share, shi ke nan. Babu jif ɗin da za ta yi maka wannan, duk tsadarta. Na kwana biyu ina juya maganar, har na kusa kiran dillali in ce ya nemo mini Hilux a Legas kawai, in tura kuɗin.

Abin da ya juya ni saƙon murya ne daga autarmu. Ta ce: "Yaya, don Allah kada ka ce ni na faɗa maka." Ashe duk bayan mako biyu sai an kai Hajiya asibitin Barau Dikko saboda suga da ciwon gwiwa, kuma a Keke ake kai ta. Ranar da aka yi ruwa sai su tsaya bakin titi, ita da sandarta, suna jiran wanda zai yarda ya shiga layinmu. Idan sun dawo kwana biyu take yi ba ta iya sallah a tsaye saboda jijjigar hanya. Ni ina nan ina tura kuɗin magani duk wata, ban taɓa tambayar yadda ake zuwa karɓo shi ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Hajiya irin matan nan ne da ba za su taɓa buɗe baki su roƙi ɗansu abu don kansu ba, ko da kuwa shi ya tambaya.

Shi ya sa na zo yau in zauna a kujerar baya ta kowacce, ba kujerar direba ba. Ku duba yadda nake a bayan Tacoma. Jinginar a miƙe take ƙyam, gwiwata ta kusa taɓa kujerar gaba, kuma ba ka da yadda za ka kwantar da ita, don bangon bodi ne a bayanka. Sannan a-kori-kura an yi sifirin ɗinta ne don kaya. Idan babu kaya a baya, duk ramin da ta faɗa sai ta yi tsalle, kai da ke zaune a ciki kai za ka sha. Matashi ba zai damu ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta ji a jikinta.

Akwai kuma maganar da ba na so in tsallake. Mutum biyar take ɗauka a ciki. Gidanmu ranar biki ko ranar Idi mun ninka haka, kuma na san abin da zai faru: za a ce yara su hau baya. Mu ma haka muka yi, Allah ya tsare mu. Amma gudun motocin yanzu ba irin na 504 ba ne, kuma a bayan nan babu bel, babu rufi, birki ɗaya mai ƙarfi ya isa. Ba zan so in zama ni na sayi motar da aka ɗora 'ya'yan Yaya a bayanta a kan titin Zariya ba.

To, ita ma jif ɗin iri biyu ce, kuma nan ne mutane ke yin kuskure. Wannan Highlander ce, wadda ta cika titunan Kaduna da Abuja. Jikinta da ƙasanta a haɗe suke, kamar na ƙaramar mota, asalinta ma daga tsarin Camry aka ɗauko. Tana da laushi, ba ta da tsayi sosai, shigarta da sauƙi, man da take sha da dama-dama. Da a ce daga Tudun Wada zuwa asibiti da Kasuwar Bacci ne kawai, da ita zan ɗauka ban ƙara tunani ba. Waccan kuwa 4Runner ce. Ita a kan shasi aka ɗora bodinta, irin ginin a-kori-kura da Prado. Ƙasanta ya fi nisa da ƙasa, tana da giyar jan ƙafa huɗu ta gaske, mai ƙaramar giya ta fita daga taɓo. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa gonarmu akwai tafiya a kan jar ƙasa, kuma a watan Agusta hanyar nan kwata take komawa. Highlander za ta je sau ɗaya, sau biyu, a na uku sai an nemo tarakta.

Shi ya sa na tsaya a kan 4Runner, kuma abin da ya ƙara kwantar mini da hankali injinta ne. Samfurin 2010 zuwa 2024 kusan duk inji ɗaya ne, mai silinda shida, lita 4, dangin wanda ke cikin Prado mai fetur. Ma'ana bakanikenmu na Kaduna ya san shi, kayan gyaransa ba sai an jira daga waje ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na ga mutane sun tura mota mai kyau gida, wani ɗan na'ura ya lalace, ta yi wata shida a ƙarƙashin tamfol.

Aibinta shan mai. Kusan kilomita 7 take yi da lita ɗaya, Highlander kuwa tana haura 9. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan bambancin kuɗi ne na gaske a aljihun mai gida. Na riga na sa a raina cewa kuɗin mai zai shiga cikin abin da nake turawa duk wata, don ban ga amfanin in ba su mota in bar su da ɗawainiyarta ba. Aibi na biyu tsayi, wanda zai wahalar da Hajiya wajen hawa. Shi ya sa nake neman mai matakala a gefe, kamar wannan, kuma ga maɗauri a sama da za ta riƙe.

Shi kuma Yaya ban bar shi hannu rabbana ba. Ku ga wannan ƙarfen a ƙasan bamba, wurin ɗaura tirela ne. Motar nan an yi ta ta ja nauyin da ya haura tan biyu. Masu walda na Panteka, waɗanda ke ƙera injin niƙa da injin casar masara, ba za su gaza ƙera ƙaramar tirela mai ƙafa biyu ba. Taki da magani su hau can, mutane su zauna a ciki cikin esi, idan an dawo a kwance ta a ajiye a gareji. Kaka kuma a ci gaba da ɗaukar shata kamar kullum.

Yanzu bari in durƙusa in leƙa ƙasanta, ku ma ku gani. Tsatsa nake nema. Jihohin arewacin ƙasar nan suna zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin yana cinye shasi, sai ka ga mota tana ƙyalli a sama, ƙasanta kuwa ya rube. Motocin Teksas ba su cika samun wannan ba, su matsalarsu ambaliya ce. Bayan guguwar Harvey ta 2017 motoci masu yawan gaske sun nutse a Hiyuston, an wanke wasu an kai gwanjo. Don haka sai ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarƙashin kujera ko akwai busasshiyar laka, sannan ka ɗauki lambar shasi mai harafi da lamba 17 ka bincika tarihinta. Wannan dai ƙasanta fes. Sitiyari kuma a hagu yake kamar namu, tunda Najeriya ta koma tuƙin hannun dama tun 1972. 'Yan uwa da ke Ingila su ne ke da wannan damuwar, mu ba mu da ita.

Idan mun daidaita da mai filin, za ta bi jirgin ruwa zuwa Tin Can a Legas, don tun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa. A biya kwastan cikakke, da takardu na gaskiya, sannan a ɗora ta a babbar mota zuwa Kaduna. Launi na zaɓi ruwan toka, gilashi ba mai duhu ba, don ba na son abin da zai ja ido a hanyar gona.

Ga mai filin can ya taho da makulli, zan ɗan zaga da ita in ji giya da birki. Yanzu ƙarfe goma a nan, a gida la'asar ta yi. Ina dawowa Yaya zan fara kira, don shi ne babba kuma shi zai riƙa tuƙa ta, in yi masa bayanin tirelar da bakina kafin ya gani a bidiyo. Bayan magariba kuma in kira Hajiya. Ku biyo ni mu shiga.