Wayar da ke aljihunka ta isa ka shiga gwajin manhaja

Wannan lacca ce da wani malamin kwamfuta ya yi wa ɗalibai da masu gyaran waya a Damagaram. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an rage gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum. Wa ya taɓa rubuta manhaja a cikinku? Hannuwa kaɗan nake gani. To wa ya taɓa son kwashe hotuna daga waya zuwa kwamfuta, igiya ta ƙi? Yawwa, kusan kowa. To da ku nake magana yau.

Manhajoji biyu na kawo muku, dukansu kyauta ne, kuma rubutun da aka gina su da shi a fili yake, kowa na iya dubawa ya gyara. Ta farko Syncthing, wadda Jakob Borg ɗan ƙasar Suwidin ya fara a 2013. Aikinta guda ne: ka zaɓi jakar fayil a waya, ka zaɓi wata a kwamfuta, duk abin da ya shiga wannan sai ya bayyana a waccan. Ta biyu KDE Connect, Albert Vaca ya fara ta, ita ma a 2013. Ita da ita kake tura fayil, ka ga saƙon waya a fuskar kwamfuta, har ka mai da wayar linzamin kwamfuta, wato maus. Abin da ya sa nake son su a nan, in na'urorin biyu suna kan wifi ɗaya, ko da wanda ka buɗe daga wayarka ne, fayil na wucewa kai tsaye. Ba sai ya je Turai ya dawo yana cin mega ba.

Amma masu gina su mafi yawa ƴan sa-kai ne, kuma da wayoyin da ke hannunsu suke gwadawa. Mu a nan Tecno ne, Itel ne, Infinix ne, da katin memori na kasuwa, da wutar da ke ɗaukewa ana tsakar aiki, da zafin Afrilu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wayoyi masu araha da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, sai ka kwana kana zaton aiki na tafiya, da safe ka tarar ya tsaya tun sha biyun dare. Wanda bai taɓa riƙe irin wayar ba, ta ina zai sani? Shi ya sa nake so ku gwada manhajojin nan a wayoyinku, ku kai musu rahoto.

Yanzu ku saurara da kyau, nan ne mutane ke kuka. Syncthing madubi ce, ba rumbu ba. In ka goge hoto a waya, za ta goge shi a kwamfuta, sai dai in ka kunna ajiyar tsofaffin kwafi. Don haka ka buɗe sabuwar jaka, ka sa mata suna gwaji, ka zuba kwafin abin da ba za ka yi baƙin cikinsa ba. Hotunan bikin ƙanwarka su tsaya inda suke. Daga nan sai ka shiga yi mata mugunta. Ka katse wifi fayil na rabin hanya, ka mayar, ka ga ko za ta ci gaba. Ka gyara takarda ɗaya a waya da kwamfuta lokaci guda; kamata ya yi ta ajiye duka biyun, ta yi wa ɗaya alamar saɓani a sunanta. Ka sa wa fayil suna mai ƙ da ɗ da ƴ, ko da ajami, ka duba ko ya iso lafiya. In kuma bidiyo ya haura giga 4 ya ƙi shiga memori, kada ka yi saurin zargin manhaja, katin da ke kan tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil mai wannan girma.

Sai rahoto. “Ba ta aiki” ba rahoto ba ne, ku masu gyara kun fi kowa sani, kullum haka ake kawo muku waya. Ka faɗi samfurin wayar, da lambar Android ɗinta, da lambar manhajar. Ka faɗi abin da ka taɓa ɗaya bayan ɗaya, me ka yi zato, me ya faru. Ka sake gwadawa kafin ka aika, don matsalar da mai gyara ya kasa maimaitawa a gabansa da wuya ya gyara ta. In ka ɗauki hoton fuskar waya, ka rufe lambobin mutane. Na Syncthing a GitHub ake kai shi, shafin intanet da masu gina manhaja ke ajiye aikinsu, na KDE Connect a shafin rahoton matsaloli na KDE, ƙungiyar da ke kula da ita. Da Ingilishi ake rubutawa, mu kuma Faransanci muka karanta a lakwal, amma gajerun jimloli biyar sun wadatar.

Abu ɗaya kuma: a Disamba 2024 aka daina fitar da manhajar Syncthing ta asali ta Android. Wadda za ku nema ita ce Syncthing-Fork, tana cikin F-Droid, ma'ajiyar da ake sauke manhajojin Android na kyauta.

Daga nan wani mai gyaran waya a Kasuwar Dole ya miƙe ya ce, “Malam, ana biya ne? Kuma zan iya gwadawa da wayoyin da ake kawo mini?”

Malam ya ce, “Biya kam babu, ƙanena, ko dala. Wayar mutane kuwa amana ce, da hotunan iyalinsu a ciki, kada ka haɗa ta da kwamfutarka don gwaji. Ai ba ka rasa tsohuwar waya mai fasasshen gilashi a shago. Ka goge ta tas, ka sa mata manhajar, ka bar ta ta kwana ba caji, da safe ka rubuta ƙarfe nawa ta tsaya.”