Huɗu da Nema, da Abin da Ke Bayan Huɗun

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya taɓa shiga gidan kallon ƙwallo a Zariya, a Tudun Wada ne ko Samaru ko Sabon Gari, ya san ba don ƙwallo kaɗai ake biyan kuɗin ƙofa ba. Rabin kuɗin na tsiya ne. Janareto na ruri a bayan langa-langa, zafi kamar gidan burodi, amma ba mai tashi, domin kowa jira yake alƙalin wasa ya busa tashi a san wanda za a saka a gaba. Ɗan Manchester bai sake shan ruwa da daɗi ba tun ranar da Liverpool ta zuba musu bakwai da nema a watan Maris na 2023. Har gobe in ya zauna a teburin mai shayi ya ce a soya masa ƙwai biyu, sai ka ji murya daga ƙarshen benci: "Mai shayi, fasa masa bakwai, ya saba." Shi kuma ya huce a kan ɗan Arsenal, ya tono masa takwas da biyun 2011. Ɗan Barcelona yana gefe yana kurɓar shayinsa shiru, don tun abin da Bayern ta yi masa a Lisbon a 2020 ba ya son a ambaci takwas a kusa da shi.

Ni ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Mu mutanen barkwanci ne tun kaka da kakanni. Bazazzagi da Bakano ba sa haɗuwa su rabu ba a tsokani juna ba, haka Bafulatani da Babarbare, haka taubasai a cikin gida ɗaya. Ƙwallon Turai zuwa ya yi ya tarar da tabarma a shimfiɗe, ya zauna.

Akwai dai wata raha guda da ta tsaya mini a maƙoshi. Ranar 12 ga Agusta, 2025, a Zanzibar, a gasar CHAN ta 'yan wasan da ke taka leda a ƙasashensu, Sudan ta ci Najeriya huɗu da nema. Ƙwallon farko ma mu muka zura wa kanmu. A daren na tsaya wajen wani mai shayi a Kwangila, na tarar majalisa ta yi zafi. Wannan ya ce ƙasar da ake yaƙi a cikinta ma ta mayar da mu gangan. Wancan ya ce a rushe ƙungiyar a raba musu babura su shiga acaɓa. Sai wani ya ce, "To ai dole su fi mu gudu, shekara biyu suna atisayen gudu daga bindiga." Benci ya kece da dariya. Ba zan ɓoye muku ba, har da ni.

Wani matashi ne a wurin bai dara ba. Ashe yana cikin ɗaliban da aka kwaso daga Khartum a 2023, waɗanda suka yi kwanaki a iyakar Masar kafin jirgi ya dawo da su. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Yallaɓai, gudun nan na gan shi da idona. Mata ne da goyo." Cokali ya ci gaba da kaɗawa a kofi, ba wanda ya ce uffan.

Yaƙin nan ya ɓarke ne ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin ƙasar ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun kar-ta-kwana na RSF ƙarƙashin Mohamed Hamdan Dagalo, wanda ake kira Hemedti. Manyan biyu ne da suka haɗa kai suka yi juyin mulki a 2021, daga baya suka ɓata a kan yadda za a shigar da RSF cikin rundunar soja da wanda zai riƙe ragama. Giwaye suka kama kokawa, ciyawa ta sha kashi. Sama da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu. A watan Agusta na 2024 aka tabbatar da fari na yunwa a sansanin Zamzam da ke kusa da Al-Fashir a Darfur, birnin da ya faɗa hannun RSF a Oktoban 2025 bayan ƙawanya ta kusan shekara ɗaya da rabi. Su kansu 'yan ƙwallon da suka ci mu ba su da filin gida. Al-Hilal da Al-Merrikh, manyan kulob biyu na Omdurman, sai a gasar ƙasar Mauritaniya suka buga kakar 2024 zuwa 2025. Ƙungiyar ƙasar kuwa a ƙasashen waje irin su Libiya ta riƙa karɓar baƙi, a haka kocinsu ɗan Gana, Kwesi Appiah, ya kai su gasar cin kofin Afirka, Gana ɗin ta zauna a gida.

Kuma Sudan ba baƙuwa ba ce a wajen Bahaushe. Ta nan kakanninmu suke bi a ƙafa zuwa Makka, wasu su yi shekaru a hanya, wasu su yada zango har abada. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a gabas suka kafa gari a bakin kogin Nilu, garin da har yau sunansa yake amsawa. Cikin masu gudun da muka yi wa dariya akwai masu jin Hausa sarai. Da suna benci, da sun gane maganar ba tare da tafinta ba.

Ba sai mun je Darfur ba ma. Tudun Biri a Igabi take, cikin jiharmu ta Kaduna, inda jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan taron Mauludi ranar 3 ga Disamba, 2023, mutum aƙalla 85 suka rasu. Ƙaramar hukumar Giwa ga ta nan a bayan gida. Ku tambayi masu zuwa kasuwa daga ƙauyukanta gonaki nawa aka bari saboda 'yan bindiga. Yaron da zai lissafa maka 'yan wasan Chelsea goma sha ɗaya har da na benci, tambaye shi ko an biya mutanen Tudun Biri haƙƙinsu, sai ya sosa ƙeya.

Ba cewa nake a rufe gidan kallo a zauna makoki ba. Talakan da ya wuni yana fama da tsadar masara yana da haƙƙin minti casa'in na mantuwa. Tsokanar ɗan Manchester halal ce, gobe zai rama. Matar da ta fito daga Al-Fashir da goyo ba ta da ranar ramuwa, a nan bambancin yake. Su ma gwanayen da muke bi ba su kau da kai ba. Mohamed Salah, da hukumar ƙwallon Turai ta yi ta'aziyyar ɗan wasan Falasɗinu Suleiman al-Obeid a Agustan 2025, fitowa ya yi ya tambaye su yadda ya mutu, da inda ya mutu, da dalili. Sadio Mane ya gina asibiti a ƙauyensu Bambali a Senegal. Mu kuma da muke da ƙungiyoyin magoya baya a kowace unguwa, da shugaba da ma'aji, masu iya haɗa kuɗin rago cikin dare ɗaya in an ɗauki kofi, buhun hatsi ga waɗanda suka gudo daga ƙauye ba zai gagare mu ba.

Bayan mako biyu na sake bi ta Kwangila. Wanda ya yi maganar atisayen gudu yana zaune kusa da ɗalibin nan, sun haɗa kai a kan waya, ana nuna masa inda Al-Fashir take a taswira. Ashe ɗalibin ɗan Manchester ne. Da ya ɗago ya ce a soya masa ƙwai biyu, mai shayi ya dube shi ya ce, "Biyu ko bakwai?"