Labarin zuciya a tambayi fuska? Lacca kan na'urorin auna damuwar matasa

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye, ɗalibai, sannunku da haƙurin zama.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To, wasu sun ɗauki zancen da gaske har sun ɗora wa kwamfuta aikin. A 2018 wata makarantar sakandare a birnin Hangzhou na ƙasar Sin ta kafa kyamarori a cikin aji. Duk bayan daƙiƙa 30 sai su leƙa fuskokin ɗalibai su kasa su gida bakwai: wannan murna, wannan fushi, wancan tsoro, da sauransu. Ko hamma ɗalibi zai yi, sai ya yi shawara.

Ban ce matsalar damuwar matasa ƙarya ce ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da lalurar ƙwaƙwalwa, kuma da yawansu ba a gano su. Ina dai shakkar ma'aunin ne.

An gina yawancin na'urorin nan kan ra'ayin masanin halayyar ɗan Adam Paul Ekman na shekarun 1960, cewa fushi da baƙin ciki kamanninsu ɗaya ne a fuskar kowa. A 2019 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Lisa Feldman Barrett, da abokan aikinta suka bi nazarce-nazarce fiye da 1,000, suka ce fuska kaɗai ba shaida ba ce. Mutum kan haɗe rai don lissafi ya cake masa, ko don cikinsa na murɗawa.

Mu kanmu mun sani. Malam ya jefo wa yarinya tambaya, ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabinta. Kunya ce ko ciwon damuwa? Ga kuma yaron da ya fi kowa barkwanci a aji, dare ya yi barci ya ƙaurace masa. Murmushin yaƙe yake yi, kyamara kuwa murna za ta rubuta.

Microsoft ya janye irin wannan fasaha a 2022. Tarayyar Turai ta haramta ta a makarantu da wuraren aiki daga Fabrairun 2025, sai dai don lafiya ko tsaro. Ku riƙe wannan "sai dai", ta nan 'yan kasuwa za su shigo. Ran da suka zo da tallarsu, iyaye, ku tambaye su: in na'ura ta rubuta "baƙin ciki" gaban sunan 'yata, wa zai fara gani, likita, shugaban makaranta, ko kamfani?

Na ga hannu can baya. Bismillah, malama.