Darasi: ƙara wa AC na tsohuwar mota gas da hannunka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ga mu a gareji da wata Peugeot 406, irin waɗanda aka harhaɗa nan Kakuri a Kaduna. Alhaji mai motar ya ce tun da zafin Maris ya kama, AC ɗin iska mai ɗumi kawai yake hura masa. Kai yaro, ɗaga bonet, ka matso da wayar su gani.

Gas na AC ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa ya ƙare. In ya ragu, wani wuri yake yoyo. Shi ya sa tun da safe na bi mahaɗar bututai da ruwan Omo, na ga kumfa na tashi a bakin bawul ɗin nan, ƙwayar cikinsa ce ta saki, na ɗaure ta. Na kuma wanke kondensa, wannan da ke gaban lagireto, don ƙurar hunturu ta toshe shi sosai. Wata motar ma wankin nan kaɗai ke dawo mata da sanyi.

Duba takardar da ke manne a nan. R134a aka rubuta, da nauyin da motar ke ɗauka. In taka ta girmi wannan, irin na kafin 1994, mai yiwuwa R12 ce, kuma ba a gauraya su, ko man kwampiresarsu, wato injin da ke matsa gas ɗin yana zagayawa, ba ɗaya ba ne.

To, geji, wato ma'aunin ƙarfin gas, mai agogo biyu, shuɗi da ja, kowanne da bawul ɗinsa. Shuɗin tiyo ya tafi bututu mai kauri, mai alamar L. Ja ya tafi siriri, mai H. Ruwan ɗorawa na tsakiya shi ke zuwa gwangwanin gas. Mota a kashe allura tana kan 50, wato da saura a ciki. Da sifili na gani da ban ƙara komai ba, sai an sa famfo ya zuƙe iska da danshi kamar minti 30 tukun.

Yanzu sai in buɗe shuɗin... a'a, dakata, na yi gaggawa. Nan ne wurin da ya taɓa wahalar da ni. Tiyon tsakiyar nan cike yake da iskar waje. In ka buɗe haka, ka tura ta cikin mota ke nan. Sai ka huda gwangwani, ka ɗan sassauta tiyon a nan sama, wajen gejin, ba wajen gwangwani ba. Kun ji fiss ɗin? Daƙiƙa biyu, ka ɗaure. Lokacin da nake koyo na tsallake wannan a motar yayana, jan geji ya yi ta hawa, sanyi babu. Kwana biyu ina zargin kwampiresa, ashe iska ce na shigar da hannuna. Maigidana da ya gano bai yi faɗa ba, cewa ya yi in zuƙe komai in sake daga farko, da kuɗina.

Yaro, tada mota. AC zuwa ƙarshe, fanka ma haka, a buɗe ƙofofi. Taka totur kaɗan, ka riƙe allurar juyin inji a 1,500. Shuɗi kaɗai nake buɗewa. Ja, don Allah, kar hannunka ya je kansa mota na aiki, ƙarfin wancan ɓangaren zai koma cikin gwangwani ya fashe a hannunka. Gwangwanin a tsaye, ina girgiza shi a hankali. Ku sa safar hannu da tabarau, gas ɗin nan in ya taɓa fata ƙuna yake yi.

Kun ji ƙas? Kulocin kwampiresa ne ya kama. Wasu haɗa waya suke yi su tilasta masa tashi tun babu gas. Ni ba na yi, don gas ne ke zagayawa da mai, a bushe zai yi ta juyawa.

Buɗe, rufe, jira allura ta zauna, sannan ka karanta. A zafin nan namu shuɗi tsakanin 40 da 50 ya yi, ja kuma wajen 250 ba abin tsoro ba ne. In ya haura 300 yana ci gaba, tsaya ka duba ko fankar kondensa na juyawa. Kuma kar ka ce sai ka juye gwangwanin duka tunda ka biya kuɗinsa, gas in ya yi yawa sanyi raguwa yake.

 Gas kuma ko a kasuwar Panteka za ka saya, je wurin wanda ka sani, akwai jabu.

Taɓa bututu mai kaurin nan, ya yi sanyi har yana zufa. Na rufe shuɗi, na cire tiyo, na mayar da murfi. Alhaji, bismillah, a shiga a sa hannu a gaban iskar a ji.