Ɗalibai a ɗakin likita: sai an tambaye ki tukuna

Kin yi sammako daga Rigasa, kin yanki kati, kin zauna a benci har rana ta ɗaga. Aka kira sunanki. Kina shiga sai ki tarar likita ba shi kaɗai ba ne, ga matasa uku tsaye a bayansa cikin fararen riguna, kowa riƙe da ɗan littafi da biro. Maganar da kika tsaro tun daga gida sai ta maƙale a wuya.

Waɗannan ɗaliban likitanci ne. Karatunsu shekara 6 ne, kuma daga aji 4 ake fara kawo su gaban marasa lafiya. A nan Kaduna za a fi ganinsu a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, na Jami'ar Jihar Kaduna, sai kuma na ABU da ke Shika a Zariya. Shi kansa Barau Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita, sai da ya tsaya irin wannan tsayuwar a bayan wani. Littafi zai gaya wa ɗalibi yadda ƙirjin mai asma yake ƙara, amma gani ya kori ji. Kuma a sashen ganin likita na yau da kullum ne zai haɗu da abin da ya fi damun jama'a: zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, ciwon suga, gyambon ciki.

To su marasa lafiyar me suke cewa? Binciken da aka yi a ƙasashe da dama, har da Najeriya, ya nuna yawancinsu ba sa ƙi. Likita zai ce, "Mama, waɗannan ɗalibaina ne, kin yarda su zauna?" Dattijuwa ta gyara mayafi ta ce, "Ai 'ya'yana ne, su zauna, Allah Ya ba da sa'a." Wasu ma sun fi son haka, domin in likita yana koyarwa yakan tsaya ya yi bayani dalla-dalla, mai ciwon ma ya ƙaru.

Amma akwai inda yardar take raguwa, kuma nan ne ya fi damuna. Matar aure ta zo da ciwon mara ko ƙaiƙayin gaba. Magidanci ya zo da basir ko raunin mazakuta. Wani kuma damuwa ce ta hana shi barci wata da watanni. Ga ido shida a kansa, wataƙila ɗaya daga cikinsu ma yaron maƙwabta ne a Tudun Wada. Sai kunya ta yi aikinta: "Likita, ciwon kai ne kawai." A rubuta farasitamol, a koma gida da cutar da aka zo da ita. Wallahi wannan asara ce babba, kuma tambaya ɗaya tak za ta iya hana ta.

Ki sani, kina da ikon cewa a'a, kuma hakan ba dalili ba ne na a rage miki kulawa. Kina iya yarda su saurara amma su fita lokacin da za a duba jikinki. Kina iya cewa ɗaliba mace kaɗai za ta tsaya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin mara lafiya, kuma duk abin da ɗalibi ya ji a ɗakin amana ce a wuyansa. Ba shi da lasisi tukuna, saboda haka hukuncin magani na likita ne. Malam, kai ma haka: "Likita, ina son magana da kai mu biyu." Ya wadatar.

Ku kuma likitoci, don Allah, ku san mutanenmu da kara. Da wuya Bahaushiya ta dubi idon yaro ta ce ya fita. A yi tambayar tun a bakin ƙofa, ma'aikaciyar jinya ta yi mata ita a hankali kafin ta shigo, ɗaliban kuma su gaishe ta, su faɗi sunayensu da ajin da suke.